Zangon da Baba Ya Kulle

Idan ka shigo layinmu ka tambayi gidan Mai Tsani, ko baƙo ne kai za a nuna maka. Mahaifina ke nan. Shekara ashirin da shida ya yi a ofishin tarho, tun zamanin da waya take da igiya, magana kuma sai ta bi ta kan falwaya kafin ta iso kunnen mutum. Kullum da safe zai ɗaure tsani a gefen kekensa, ya rataya jakar fata mai filaya da sukundireba, ya fita neman inda layi ya yanke. An daɗe da rufe ofishin. Tsanin ma yanzu yana jingine a tsakar gida, Umma ke shanya barguna a kansa, amma sunan bai bar shi ba.

Ni ce babbar 'yarsa. A gida Rediyo ake ce mini, wai ba na gajiya da magana. Ban taɓa musawa ba, don wani dole ya yi magana a gidan nan. Baba mutum ne da zai wuni bai furta kalma talatin ba, Umma ba ta da hayaniya, ƙanwata Auta kuma ba ta ji. To in ni ma na yi shiru, ai sai maƙwabta su zaci mun tashi.

Da aka sallame su daga aiki, abokansa wasu suka koma noma, wasu gadi. Shi kuwa, yana da shekara hamsin da biyu, sai ya sayi madubin ƙara girma da ƙananan sukundireba, ya zauna koyon cikin wayar hannu. Ya kama ɗan wuri a ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin titi. Tebur ɗaya ne, da fitila mai wuya, da ƙarfen narka dalma, da tsohon buroshin haƙori da yake share ƙura da shi. Idan ya kwance waya, a murfin gwangwani yake jera kusoshin, kowanne a inda ya fito, kuma kaito ga wanda ya girgiza masa tebur. Yana da doka ɗaya da ya taho da ita daga kan falwaya, mun ji ta har mun haddace: in kana neman matsala, abu ɗaya za ka canza, ka gwada, sannan ka taɓa na biyu.

Aikinsa yana da kyau, wannan kam ba don ubana ba ne. Aibinsa ɗaya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. In gyara ya ƙi, to kayan ne jabu. In ya ɓata hanya, to an sauya titin ne. Akwai ranar da ya zuba gishiri a shayi, ya kurɓa, ya ajiye kofin, ya ce wa Umma ya kamata ta daina ajiye abubuwa a gwangwanaye masu kama da juna.

Auta tana da shekara biyu zazzaɓi ya tafi da jinta. Ba wanda ya koya wa Umma yadda ake magana da kurma, ita da yarinyar suka ƙirƙiro tasu a tsakanin murhu da bakin famfo. Kowa a gidan yana da alamarsa. Ta Umma ita ce ɗaure ɗankwali a ƙeya. Tawa, ba sai na faɗa ba, yatsu huɗu ne da babban yatsa suna buɗewa suna rufewa. Ta Baba kuwa yatsu biyu ne suna hawa dantse, kamar mai hawa tsani. Akwai kuma wata da Auta ta ƙirƙiro tana 'yar shekara biyar, ranar da ta saki kwanon tangaran na Umma ya tarwatse. Ta zo ta tsaya gaban Umma, ta dunƙule hannu ta buga ƙirjinta sau ɗaya, sannan ta buɗe tafukanta biyu ƙasa. Ni na ɓata, ke nan. Umma ta dube ta, ta shafa tafinta ɗaya a kan ɗayan, wato ya wuce. Alamun nan biyu suka zauna a gidanmu. Ni kaina na yi ta farkon ya fi sau ɗari, Umma ma ta yi. Baba bai taɓa yi ba.

A gaskiya ma Baba bai iya maganar hannu sosai ba. Abin mamaki ne, yatsun da ke ɗaukar kusar da ba ta kai ƙwayar gero ba, in aka zo hira sai su sandare. Alamunsa ba su wuce ashirin ba: zo, ci abinci, sannu da ƙoƙari, ina tabarauna. Sonta kuwa yana yi, har ya fi yadda yake so na, kuma ban ji haushi ba. Sai dai shi da aiki yake nuna so. Shi ya haɗa mata fitilar da ke walƙiya a ɗakinta in an buga ƙofar gida.

Auta ta yi makarantar kurame, ta koyi karatu da rubutu da maganar hannu irin ta makaranta, wadda ta sha bamban da tamu ta gida. Ta gama da sakamako mai kyau. Bara aka ɗauke ta koyarwa a wata makarantar irin tasu, a gari mai nisa, tafiyar yini guda cur a mota. Mun yi murna ƙwarai. Umma ce kaɗai murnarta ta zo da tambaya, don ita ba ta karatu, kuma kiran murya ba shi da amfani ga Auta. Na ce mata, "Haba Umma, ai yanzu zamani ya zo da sauƙi. Kiran bidiyo za ku riƙa yi, ki gan ta ta gan ki." Baba ya gyaɗa kai ya ce wannan a bar masa.

A nan sai na koma baya kaɗan. Wata shida kafin tafiyar Auta, Baba ya gano wani ɓoyayyen shafi a cikin irin wayoyin da aka fi kawo masa. Sai ka danna wasu lambobi da tauraro, shafin ya buɗe, ya jero maka zangunan da wayar ke kama sabis da su. Baba ya san zango tun daga rediyo, gajere da matsakaici, don haka bai ji baƙunta ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, har ya gano cewa in ya kulle waya a kan zangon da ke can ƙasa, sandunan sabis sai su cika huɗu cif, ko a ƙuryar ɗakin Umma inda a da sanda ɗaya ke leƙowa ta koma. Ranar ya dawo gida da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Daga nan duk wayar da ta hau teburinsa, ko gilashi aka kawo a canza, sai ya kulle mata zango kafin ya mayar, kyauta, ba tare da ya ma faɗa ba. Ta Umma ma ya kulle ta. Tawa kuwa ta tsira ne kawai don shafin ya ƙi buɗewa a cikinta.

Mutum ɗaya ce a duk bakin titin ba ta yarda ya taɓa mata waya ba, wato Mai Zare, wadda shagonta na zare da maɓallai ke manne da wurinsa. Ƙawar Umma ce, kuma ita da Baba ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Takan ce, "Mai Tsani, ni lafiyata ƙalau, wayata ma lafiyarta ƙalau. Ranar da ta kwanta ciwo na kawo maka, amma ba na kai mai lafiya asibiti."

Auta ta tafi. Ranar Asabar ta farko da la'asar muka zauna a ɗakin Umma, aka jingina waya da kwalbar man shafawa, aka kira. Ga fuskarta nan tana murmushi. Ta ɗaga hannu za ta fara magana, sai hoton ya tsaya cak, hannun a sama. Muka jira. Da ya motsa, hannun ya riga ya sauka, ta gama faɗin abin da za ta faɗa tana jiran amsa.

"Me ta ce?" in ji Umma.

Ba wanda ya sani.

Ku masu ji ba za ku gane wannan da sauri ba, ni ma sai da na gani. In kana kiran bidiyo hoto ya tsaya, murya tana ci gaba, ka yi tsaki ka wuce. A wurin Auta hoton shi ne muryar. Alama kuma ba a tsaye take ba, a cikin motsi take, daga ina hannu ya taso, ina ya nufa, da sauri ko a hankali. In aka cire tsakiyar, ba abin da ya rage sai mace ta ɗaga hannu. Haka muka yi rabin awa, Umma tana ta juya yatsa alamar a maimaita, Auta tana maimaitawa, hoton yana cinye rabi.

Sati na biyu haka, na uku haka. Hirar da aka so ta kai awa ta koma minti goma, daga baya ta koma ɗaga hannu a gaisa a kashe. Na gwada da tawa wayar, ita ma ba ta tsinana wani abin kirki ba. Sai Auta ta koma turo saƙo a rubuce, in na dawo daga aiki in karanta wa Umma. "Ina lafiya. Aiki lafiya. A gaida Baba." Wata rana ina cikin karantawa Umma ta ɗaga mini hannu.

"Bar shi haka, Rediyo. Wannan ba maganarta ba ce."

Gaskiya ta faɗa. Auta a hannu 'yar tsokana ce, ta iya kwaikwayon tafiyar kowa, ta iya gulma da gira kaɗai. A rubuce kuwa sai ka ce takardar neman aiki. Ban da haka, akwai abin da 'ya za ta faɗa wa uwarta wanda ba za ta so ya bi ta bakin yayarta ba, balle yaya irina. Abin da ya fi tsorata Umma shi ne, a 'yan guntayen da ke wucewa, ta lura Auta ta fara saka alamun makaranta a inda a da take saka na gida. Maganar nan tasu mutum huɗu ne kawai suka san ta a duniya, kuma biyu ne suka iya ta da gaske. In suka daina yi, shi ke nan ta tafi. Na sha shiga kicin in tarar da Umma ita kaɗai tana motsa yatsu a gaban tukunya. Wallahi abin ya riƙa ci mini rai.

Baba bai zauna ba. Ya canza layi, ya koma na farko. Ya ƙera wani ɗan ƙarfe ya kafa a taga don a riƙa ɗora wayar. Har barguna ya sauke daga kan tsani, ya hau rufi da wayar Umma a aljihu, mutum mai shekara sittin da bakwai, Umma tana ƙasa tana salati. Kowane lokaci sai ya nuna mana saman gilashin da farce.

"Ku duba da idonku. Sanduna huɗu. Daga nan ba matsala. Laifin kamfani ne."

Wata na uku, wata Asabar, Mai Zare ta shigo kawo wa Umma maɓallai. Ta same mu a ɗaki mun yi jugum, an gwada kira an gaji. Ta zauna a bakin gado, ta ciro wayarta don ta ɗebe wa Umma kewa, ta kunna mata bidiyon jikarta tana koyon tafiya, wanda aka turo mata a lokacin. Bidiyon ya buɗe nan take. Ta wuce zuwa wani, shi ma haka. Ni kuma idona ba ya zama wuri ɗaya, na leƙa saman wayar.

"Ikon Allah! Baba, zo ka gani. Sanda biyu gare ta, amma ko tari ba ta yi."

Baba ya miƙo hannu, Mai Zare ta janye. "A'a, da ido ake kallo."

Ya gyara tabarau ya sunkuya. Wayarta da ta Umma iri ɗaya ce sak, rana ɗaya suka saya, kamfanin layinsu ma ɗaya. Bambancin da ya gani shi ne, a gefen 4G na Mai Zare akwai wata 'yar alamar tarawa, irin ta lissafi, ta Umma kuwa babu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya roƙe ta, abin da ban taɓa ji ba, ta bari ya saka layin Umma a wayarta na minti biyu. Ta yarda, amma tana tsaye a kansa. Ya saka, ya buɗe bidiyo, ya tafi sumul. Ya mayar da layin wayar Umma, ya buɗe wannan bidiyon dai, sai ɗan da'irar nan ta fara juyawa.

Dokarsa ce ta kama shi. Ɗaki ɗaya, layi ɗaya, waya iri ɗaya. Abu ɗaya ne ya rage wanda ya bambanta su, kuma duk wanda ke ɗakin ya san wace waya ce ta taɓa hawa teburin Mai Tsani. Ya miƙa wa kowa tata, ya fita.

Ranar Litinin da na taso daga aiki na biya ta wurinsa, na tarar da Dogo zaune a kan benci. Dogo ƙaramin ma'aikaci ne a ƙarƙashin Baba a ofishin tarho, shi ke riƙe masa tsani. Yanzu shi ma ya yi furfura, yana aiki da masu kula da ƙarafan sabis, amma har gobe Maigida yake ce wa Baba, kuma ba ya zama sai an ce ya zauna. Baba ne ya aika a kira shi. Wayar Umma tana hannunsa, ɓoyayyen shafin a buɗe.

"Maigida, ai an ɗaure ta ne," in ji Dogo. "Ka ga, kowane ƙarfen sabis ba zango ɗaya yake watsawa ba, biyu ne ko uku. Wannan na ƙasan yana tafiya nesa, yana ratsa bango, shi ya sa sanduna ke cika. Amma matsattse ne, kuma duk wanda ke cikin ɗaki ko bayan gari a kansa yake. Na saman suna da faɗi, sai dai ba su da ƙarfin ratsa gini. To wayoyin yanzu sun iya kama biyu ko uku a lokaci ɗaya, su haɗa su, su raba kayan a tsakaninsu. Wannan 'yar alamar tarawar, abin da take nufi ke nan, an haɗa zango."

"Sandunan fa?" in ji Baba.

"Sanduna suna gaya maka yadda waya ke jin ƙarfen ne kawai, ba sa gaya maka ko akwai wurin wucewa. Kamar gida ne mai ƙofa uku, a rufe biyu, a ce duk jama'a ta ɗaya za su bi don ita ta fi kusa."

Baba ya cire tabarau. "A haɗa layi biyu da gangan? Dogo, shekara nawa muka yi ni da kai muna raba layukan da suka haɗu? In waya ta taɓa waya, wannan ya ji maganar wancan, ai shi ne babbar matsala."

"Haka ne, Maigida. A zamaninmu ke nan. Yanzu haɗuwar ake nema." Dogo ya juya wayar a hannunsa, ya yi 'yar dariya. "Amma wanda ya yi wannan ya san hanya. Ba kowa ke isa shafin nan ba. Wa ya kulle ta?"

Baba ya ciro ƙyalle ya shiga goge tabarau. Ya goge ido ɗaya, ya goge ɗayan, ya koma na farko. Maganar ta zo mini har leɓe, na ji ɗanɗanonta, amma na haɗiye. Wannan ne karo na farko a tarihi da aka kashe Rediyo ba tare da an taɓa maɓalli ba. Dogo ya dubi Baba, ya dube ni, sai ya fara tambayar lafiyar Umma.

A gabansa Baba ya buɗe zangunan duka. Sanduna suka sauko biyu, na ga yadda ya runtse ido kamar an taka masa yatsa. Jim kaɗan alamar tarawa ta bayyana. Muka tafi gida da sauri, don Auta takan tashi daga aji ƙarfe huɗu. Umma ta gyara ɗankwali, aka kira. Fuskar Auta ta fito. Ta ɗaga hannu, ya yi tafiya kaɗan, ya tsaya.

Umma ta sauke hannuwanta a cinya. Baba ya tsaya yana kallon gilashin, ga alamar tarawa tana nan daram. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya fita tsakar gida, ya zauna a kan matakin tsani na ƙasa. Na bi shi.

"Baba, ko Dogo bai gane ba ne?"

"Dogo ya gane." Sannan ya ce, "Ranar da Auta za ta tafi, da safe, kuna ɗaura kaya. Na karɓi wayarta."

Sai na tuna. Kowa yana sallama da ita, Umma suna ta zuba da hannu, ni ina ta cusa mata sabulu a jaka. Baba yana gefe da wayarta, ya sunkuyar da kai. Ba shi da alamun da zai ce mata ta kula da kanta, ko ya ce gidan zai yi masa faɗi. Sai ya ba ta abin da yake ganin ya fi komai a hannunsa. Ya miƙa mata, ya nuna mata sanduna huɗu, ta yi masa alamar godiya. Shi ya sa ko da wayata ba a dace ba, ashe ɗaurin a can ma yana nan. Na so in yi faɗa, wata ukun da uwata ta yi tana wahala suna raina. Da na dubi ƙeyarsa a sunkuye, tausayi ya hana ni.

Ya tashi ya ɗauko takarda da biro. Ya rubuta matakan kwance ɗaurin, goma sha ɗaya, da lamba, da irin rubutunsa na rahoton aiki. Na ce ya kawo in buga masa, ya ce a'a. Da yatsa ɗaya ya buga su, ya kai minti arba'in, ya tura wa Auta. Bai rubuta dalili ba, bai rubuta wa ya ɗaure ba. Auta ta amsa cewa tana da taron malamai, sai gobe in ta tashi za ta bi su a tsanake.

Washegari bai buɗe wurin aiki ba. Ya fito da tsohon keken, ya hura masa iska, ya bi unguwa. Ya san duk wayar da ta taɓa hawa teburinsa. Ya je wurin mai wanki, da direban da ke bayan masallaci, da matar mai gyaran takalmi, da malamar asibiti. Kowa abu ɗaya yake ce masa, "Kawo in duba maka wani abu." Ya danna, ya mayar, ya wuce. Wani ma har ƙorafi ya yi wai an rage masa sanduna. Mai Zare tana ƙofar shago ta gan shi yana wucewa karo na uku, ta ɗaga murya.

"Mai Tsani, yau kuma asibitin ne ke bin marasa lafiya gida?"

Ya wuce abinsa, amma ta ce ta ga kunnensa ya motsa.

Ƙarfe huɗu da rabi saƙo ya shigo: "Na yi." Muka shiga ɗaki. Kwalbar man ta ƙi riƙe wayar, ƙarfen taga kuma ya yi nisa da gado, sai Baba ya ce a ba shi. Ya durƙusa a gaban Umma, ya riƙe wayar da hannu biyu daidai fuskarta, shi yana bayanta ba a ganin sa. Aka kira.

Auta ta ɗaga hannu. Ya tashi, ya juya, ya sauka, duk a idonmu. Ɗaure ɗankwali a ƙeya, sannan tafi a kan ƙirji. Umma, na yi kewarki.

Abin da ya biyo baya ban iya bin sa duka ba, don gudu suke yi. Na dai ga an kwaikwayi tafiyar shugabar makaranta, na ga an yi gulmar wata mai dafa abinci, na ga yatsu huɗu suna buɗewa suna rufewa, wato an zo kaina, suka tuntsire da dariya su biyu. Umma tana dariya hawaye na zuba, ba ta da hannun sharewa don duka biyun suna aiki. Sau biyu Auta ta saka alamar makaranta, Umma ta harare ta, ta yi dariya ta canza zuwa ta gida. Akwai inda Umma ta dube ni ta nuna mini bango da haɓa, na juya baya har suka gama. Minti hamsin aka yi. Hannun Baba bai girgiza ba ko sau ɗaya, ga gumi yana bin wuyansa.

Can Auta ta tambaya. Ta nuna wayar, ta ɗaga babban yatsa, sannan ta sa yatsu biyu suka hau dantsenta, ta ɗaga gira. Baba ne ya gyara, ko? Umma ta gyaɗa kai da sauri, ni ma na leƙo na gyaɗa. Ai ba ƙarya muka yi ba, kuma da an bar shi a haka ba wanda zai ce uffan.

"Riƙe nan," in ji Baba.

Ya miƙo mini wayar. Ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zagayo ya tsaya a gabanta. Ya gyara rigarsa. Ya sa yatsu biyu suka hau dantsensa, a sandare kamar kullum. Sannan ya dunƙule hannu ya buga ƙirjinsa sau ɗaya, ya buɗe tafukansa biyu ƙasa.

Hoton Auta ya tsaya cak.

"Wayyo, ta sake tsayawa," in ji Umma.

Na dubi saman gilashin, alamar tarawa tana nan. Na dubi hoton da kyau. Labulen da ke bayanta yana kaɗawa. Ba sabis ba ne, ita ce ta tsaya, ta zuba wa ubanta ido, bakinta a ɗan buɗe. Baba bai sauke hannuwansa ba, yana tsaye da tafukansa a buɗe yana jira.

Sai ta ɗago hannuwanta a hankali, ta shafa tafi ɗaya a kan ɗayan, muka ga motsin tun daga farkonsa har ƙarshe.